Ranar da Biri Ya Ƙwace Mini Irin Masara

Ko na manta da komai na tafiyarmu ƙasar Tailan, ba zan manta da ranar da biri ya ƙwace mini irin masarar mahaifina ba. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati na ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje. Ina ƙaramin malamin gona a Faskari, sai ga sunana cikin waɗanda za su je koyon noman masara na wata uku. Da na je Mairuwa sallama, mahaifina bai ce in sayo masa agogo ko rediyo ba. Cewa ya yi, "In ka ga iri mai kyau, ka riƙo mani ko cikin hannu guda ne." Iyakar saƙonsa ke nan.

Sai ana gobe za mu taso na samu. Malaminmu ya ɗebo mini wata masara mai launin ruwan ƙwai, wadda ciwo ba ya kama ta da wuri, na ƙulle a hankici na zura a aljihun kaftani. Ranar ce kuma aka shirya kai mu bakin teku mu ba ido abinci. Abokin ɗakina, wani dattijon malamin gona mutumin Pauwa da kowa ke kira Baba, ya ce in bar ƙullin a akwati. Na ƙi. A ganina a lokacin, babu ma'ajiyar da ta kai jikina tsaro.

Motar ta ajiye mu a gindin wani dutse da ya tsaya daf da ruwa. A samansa akwai wurin ibadar mabiya addinin Buda, rufinsa na ƙyalli, matakala kuma ta miƙe tun daga ƙasa har can. Ban yi taku goma ba na ga birai. A kan matakala, a kan katanga, a kan reshe, wata ma na zaune tsakiyar hanya tana shayar da ɗanta, ko kallo ba mu ishe ta ba.

Ni da biri kuwa tsohuwar gaba ce. Gonarmu a gindin duwatsu take, duk ƙuruciyata a kan dakalin tsaro na yi ta, da majajjawa a hannu, ina ihu har muryata ta dishe. To ga ni yau a inda mata suka kasa masara da ayaba, mutum ya saya da kuɗinsa ya miƙa wa biri. Na ce, "Baba, kana ganin abin da nike gani?" Ya ce, "Ina gani. Nan su ne 'yan gari, kai ne baƙo. Wuce mu tahi."

Muka hau muna haki. Da muka kai sama, wallahi duk gajiyar ta tafi. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Ruwa shuɗi har inda ido ya ƙare, ƙananan jiragen masunta a kai, iska mai gishiri tana kaɗa mana riguna. Baba ya dafa katanga ya daɗe yana tasbihi. Ɗakin ibadar ba mu shiga ba, daga waje muka tsaya, sai dai na lura su ma takalma suke cirewa a ƙofa. Daɗi ya cika ni har na ɗaga hannuwa biyu ina nuna wa Baba wani tsibiri.

A nan ne na ji an taɓa aljihuna. Kafin in sauke hannu, wani ƙaton biri mai guntun kunne ya zare hankicin ya haye kan katanga. Gobe jirgi, malamin da ya ba ni yana can nesa, kuma ban ga fuskar da zan kalli mahaifina da ita in ce biri ya cinye ba. Ni, da na girma ina korar su.

Ban san lokacin da na tsinci dutse ba. Na daka masa tsawa irin ta gona, na bi shi. Ya yi tsalle ya koma kan rufi, ya zauna yana kai haƙori ga ƙullin. Duk takun da na yi, sai ya ƙara sama, daga bayan rufin kuwa ba komai sai gangare da ruwa. Na ɗaga hannu zan jefa, Baba ya cafke ni. "Aje dutsen ga," in ji shi. "Gidan ibadar mutane za ka jefa? In ka same shi ma, mi ka samu? A teku zai sakar maka shi."

Ina tsaye idona ya kawo ruwa, sai ga wani tsoho daga cikin masu ibadar, kansa a aske ƙwal, ya yafa mayafi ruwan goro. Ba ya jin yarenmu, ba ma jin nasa. Ya dubi rufi, ya dube ni, ya yi murmushi. Ya nuna mini ƙasa, na zauna. Ya ɗora mini ayaba biyu a tafin hannu, ya tura haɓata gefe don in daina kallon birin. Haka na zauna, da takardar shaidar kwas a akwati, ina miƙa wa biri ayaba kamar mai neman gafara.

Can na ji motsi. Birin ya sauko a hankali, ya tsaya, ya matso. Ya ɗauki ayaba ɗaya da hannu guda, ya dubi ta biyun, ya dubi hankicin. Hannu biyu Allah ya ba shi, sai ya saki ƙullin. Tsohon ya taka shi da ƙafa, sannan ya ɗauka ya miƙo mini. Gefe ɗaya ya yage, kusan rabi ya zube, yaran birai sun riga sun tsince. Sauran yana nan. Na rasa kalmar godiya, sai na durƙusa na gaishe shi da Hausa, ya amsa da nasa yaren, kowa ya gane kowa.

Baba ya yi dariya har da hawaye. Muna saukowa ya ce, "Lallai biri a hannun malami yakan yi guɗa. A naka hannun kuwa, da kuka za mu koma gida."

Da na isa Mairuwa na zazzage wa mahaifina abin da ya rage, na ba shi labari. Ya juya ƙwayoyin a tafinsa ya ce, "Ya isa. Iri ba ya kaɗan." A bayan gida ya shuka, ya hana kowa gasawa, a damina ta uku sai ga maƙwabta suna zuwa roƙo.

Na tsufa yanzu, kuma har gobe ba na son biri a gonata. Amma tun daga kan dutsen nan na koyi cewa idan abin da kake ƙauna yana hannun wani, jifa nesanta shi yake yi. Sau da yawa an ɓata mini rai na kai hannu ga dutse, sai in tuna, in zauna, in buɗe tafina.