Reshen da Yaya Isufu ya ƙi ƙirgawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Isufu, amma ranar da na fi tunawa da shi wata Asabar ce, ƙarfe goma na safe, a zauren mafarauta da ke bayan garin Lyon. Akwai shi da abokan awonsa Turawa biyu, da tsoho Armand, sai ni da na zo ziyara daga Stains, garin da nake zaune.

Yaya ya karanci kiwon dabbobi. A ƙarshen mako yana auna ƙahon barewar Turai, mai rassa kamar itace, domin a ba shi maki a shigar da shi kundin mafarauta. Da farko ma bai yarda wai dabbar tana zubar da ƙahonta kowace shekara ba, don barewar Damagaram da nata take mutuwa. Armand ne ya kai shi daji ya nuna masa, shi ya koya masa aikin, shi ya tsaya masa har aka ba shi kujera cikin masu awo, duk da shi baƙo ne.

Ran nan ƙahon da Armand ya kawo ne a kan tebur, na farautarsa ta ƙarshe, don gwiwarsa ta ƙi. Kaɗan ya rage ya kai lambar zinariya, kuma abin ya rataya a kan wani ɗan reshe. A ƙa'ida, reshen da bai kai tsawon da aka yanka ba, ba a ƙirga shi. Turawan biyu suka ce ya kai. Yaya ya ɗora mita sau uku.

Na ce masa da Hausa, "Yaya, ka bar wa tsohon nan mana. Wa zai sani?"

Ya ce, "Kai da ko tsawon wandonka ba ka sani ba? Yi mini shiru."

Ya juya ya gaya wa Armand, cikin ladabi, cewa bai kai ba. Aka rubuta azurfa. Tsohon ya ɗauki hularsa ya fita, ya shekara bai yi masa magana ba, Yaya kuwa bai daina aika masa gaisuwa ba. Babanmu mai awon hatsi ne, ba a taɓa jin tiyarsa ta yi gardama ba, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yau an ce da hoto da kwamfuta ake son yin awon. Ina jin da yana raye zai yaba, sannan ya zaro mitarsa ya sake dubawa.

Bai bar dukiya ba, sai sa hannunsa a ƙarƙashin lambobin da ba wanda ya taɓa gyarawa. Ranar sadakar uku Armand ya hau jirgin ƙasa ya zo Stains da sandarsa, ya zauna a kan tabarma har la'asar. A kundin, har yau azurfa ce a gaban sunansa.