An Toshe Ƙofa, Motata Na Ciki

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina!

Na dawo daga Argungu a motar haya, na iso unguwarmu Badariya, ban ga ƙofar gidana ba. Wallahi katanga ce santal, siminti ko bushewa bai yi ba!

Ga Mamman magini yana wanke hannu. Na ce, "Mamman, mi ne ne haka?"

Ya ce, "Alhaji, ma'aikatan tsara gari sunka zo. Wai doka ta hana ƙofarka kallon babban titi, in ba a toshe ba, sai su rushe katangar duka. Hajiya ta ce in toshe. Na huda maka wata ta lungu."

Na zagaya da gudu. Lungun ko amalanke da ƙyar yake shiga!

A-kori-kurata kuwa tana tsakar gida, don faci ta yi da safe. Da ita nake kwasar albasa, gobe manoma na jirana a fadama!

Na ruga ofishin tsara gari, na roƙa a bar ni in fasa katangar, in fitar da motar, in mayar. Jami'in ya ce, "Fasa katanga sai da izini, izini kuma sai daga hedikwata."

Ga ni zaune cikin motar yanzu, makulli a hannu, kaji har sun haye bayanta.