Jijiyar da Ta Shiga Gonarmu

Kakana Baƙo bai iya zama wuri ɗaya ba. Zamanin Turawa, shi ke bin rafi wa wani Bature da ya zo Kwantagora neman zinariya. Yakan wanke yashi a ƙwarya, ya murza abin da ya kwanta. In ƙwayar zinariyar ta yi sumul, daga nesa ruwa ya kawo ta. In tana da kaushi, jijiya na kusa, wato farin dutsen da ke ratsa ƙasa da zinariya a cikinsa.

Wata damina ya bi kaushin har inda jijiyar ta nutse, sai ga shi tsakiyar gonar dawarsa. Ya kuwa san duk inda Bature ya kafa turaku na shata wurin haƙa, manomi sai ya tattara.

Ya gaya wa kakata Lahadi. Ta ce, "To, Maigida, ƙafar yawonka ta jawo mana. Zinariya za mu tuƙa?"

Washegari ya ce wa Baturen jijiya ta mutu a bakin rafi. Baturen ya naɗe tantinsa ya yi gaba.

Gona ta tsira, amma Kaka bai ƙara samun sukuni ba. In ya haƙa, rami ɗaya ya isa ya jawo turakun Bature. Kullum sai ya je wurin, ya kai ya komo, ya ɗau diga ya ajiye. Har suka tsufa Lahadi na tsokanarsa: "Taka a hankali, kar Bature ya ji!"

Dawar da muka ci bana daga nan ta fito.