Shingen da Iya Ta Yi wa Kaɗanya

Tun tana budurwa Iya take tsintar ƙwarar kaɗanya tana yin mai, da wannan sana'ar ta raini 'ya'yanta. A zamaninta, in gona ta gaji sai a bar ta ta huta, kaɗanya ta tsiro da kanta a cikin ciyawa. Yanzu ba mai barin ko taku ɗaya. Tarakta na tuge tsiron, feshi na ƙarasa wanda ya tsira. Itatuwan da suka rage a gonarsu duk sun girme ta, 'ya'yan kaɗanyar ma sai sun ga dama suke yi.

Wata damina ta tsinci tsiro ɗaya a gefen gonar, inda garma ba ta kaiwa. Ta roƙi babban ɗanta, wanda gonar ke hannunsa, ya bar mata shi.

"Iya, wannan kafin ya yi 'ya'ya ai ni ma na zubar da haƙora," in ji shi yana dariya.

"To, man zan yi maka, ba sai ka tauna ba."

Awaki ne tsoronta. Ta kewaye tsiron da ƙaya, ta toshe kafofin da kara da busasshiyar ciyawa. Duk shekara sai ta ƙara wa shingen kauri, har tsiron ya kawo mata ƙugu.

Da rani masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, kamar yadda suka saba. Ƙaramar kaɗanya takan jure irin wannan wutar: wutar ta lashe ganye ta wuce, saiwa ta sake tohowa. Amma a nan wutar ta sami abinci. Ta zauna a cikin shingen ta yi ta ci, har ƙasar wurin ta yi ja.

Iya ta jira ruwan farko, ta jira na biyu. Ganin shiru, ta durƙusa ta tona da yatsa. Saiwar ta ɓare a hannunta kamar gawayi.

"Ki yi haƙuri, wani zai fito," in ji ɗan.

"A ina?" ta ce, tana kallon kunyoyin da suka kai har bakin hanya.

Da kaka masu gawayi suka zo taya tsofaffin itatuwan don su saya su sare. Da can da taɓarya take korarsu. Wannan karon ko tashi ba ta yi ba.

"Mai gonar yana ciki," ta ce. "Ku yi sallama."