'Yar Gwanin Darar Turawa

A watan da gidan rediyonmu ya rufe sashen Hausa, na koyi zaman gida. Shekara da shekaru ina kama jirgin ƙasa daga Landover zuwa cikin Washington, in karanta labaran duniya ga mutanen da ban taɓa gani ba. Rana ɗaya aka aiko mana da saƙo cewa kowa ya zauna a gida sai an neme shi, kuma ba a neme mu ba. Abin da ya fi rashin aikin ciwo shi ne takardun zamana a ƙasar a jikin aikin suke ɗaure, na matata kuma a jikin nawa. Lauyar da muka gani ta ce idan wani wurin bai ɗauke ni ba, akwai ranar da dole mu tattara mu tafi.

'Yarmu ɗaya ce, shekararta tara. An haife ta a Amurka tun ina ɗalibi, saboda haka ita 'yar ƙasa ce. Sikila gare ta. Likitanta ya san ta tun tana jaririya, ya san maganin da ke kwantar mata da ciwo idan ya taso da wanda ba ya yi. Ni da matata mun san abin da ciwon nan ya yi wa ƙanina a Kaduna, amma ba mu taɓa ambatonsa a gabanta ba.

Kullum sai in zauna a teburin cin abinci ina rubuta takardun neman aiki. Na rubuta wa gidajen rediyo, na rubuta wa jami'o'i masu koyar da harsunan Afirka, na rubuta wa mutanen da na taɓa hira da su suka ce in neme su duk lokacin da nake so. Yawancinsu shiru. Waɗanda suka amsa sun yi mini jaje da kalmomi masu daɗi.

Matata tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wata rana ta dawo ta tarar da ni yadda ta bar ni, shayin safe ya huce a gabana. Ta ce, "Malam, gobe ka bi ni wurin Kaka. Ka ɗauko rakodarka."

Kaka ita ce tsohuwar da take kula da ita a Silver Spring, Bayahudiya ce da ta haura shekara casa'in. Matata ce ta sa mata wannan suna, ita kuma ta karɓa. Ta yi aikin koyar da lissafi har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ba ta haihu ba. Ta daɗe tana neman wanda zai zauna ya ɗauki labarin mahaifinta kafin ya ɓace mata, don ta fara mantuwa kuma ta sani. Ban so zuwa ba. Na ce ina da abin da ya dame ni. Matata ta ce abin da ya dame ni ba zai gudu ba kafin la'asar.

A hawa na shida Kaka take, ɗaki biyu. Ƙaramar mace ce, idanunta sun yi fari-fari, amma muryarta ta malaman makaranta ce. Ta sa matata ta jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai littattafan rubutu guda tara masu baƙin bango, kowane shafi cike da haruffa da lambobi ƙanana kamar tururuwa. Ta ce wasannin mahaifinta ne. Shi gwanin darar Turawa ne, wadda suke kira ces, kuma a zamaninsa ana lissafa shi cikin manyan gwanayen duniya. Ta tambaye ni ko na iya wasan. Na ce ban ma san yadda dokin da ke cikin 'ya'yan wasan yake tafiya ba. Ta ce hakan ya fi, ba zan katse ta da gardama ba.

Na yi sati uku ina zuwa, kullum daga hantsi zuwa lokacin da za ta gaji. An haifi mahaifinta a wani ƙaramin gari a Poland, ubansa mai gyaran takalma. An sa shi karatun addini ana fatan ya zama malami. Ya ga wasan ne wurin wani mai sayar da magani, yana leƙe ta taga, har ya gane ƙa'idodinsa ba wanda ya koya masa. Yana ɗan shekara goma sha shida ya gudu birni, ya tare a wani gidan shan shayi inda 'yan wasa ke taruwa, yana kwana a kan benci. Ubansa bai sake yi masa magana ba sai da aka kawo masa jarida da hoton ɗan a ciki.

Kafin yaƙin duniya na farko ya zaga biranen Turai yana cin gasa. Yakan juya wa abokan wasa baya, mutane da yawa a lokaci ɗaya, ana faɗa masa abin da kowa ya taka, shi kuma yana ba da amsa daga kansa. Yaƙin ya cinye masa shekarun ƙarfinsa da 'yan'uwansa biyu. Da aka dawo wasa sai aka ga hannunsa yana rawa, ƙarar cokali a kofi tana iya ɓata masa lissafi. Samari suka taso suka fara kayar da shi. Ya yi aure a makare, aka haife ta. Ta ce bai iya hira ba, bai iya wasa da yaro ba, abin da ya sani kawai ya zaunar da ita gaban allon ya jira ta taka. Bai taɓa bari ta ci shi ba ko sau ɗaya.

Wasu ranakun labarin yakan tsinke mata. Takan kira ni da sunan wani ɗalibinta, ko ta maimaita abin da ta faɗa jiya da wasu bayanai dabam. Idan ta gane ta ɓata, sai ta dafe hannun kujera ta ce in jira, in jira, zai dawo. Ina zaune ina kallon jar fitilar rakoda, wayata a cinya ina duba ko wani ya amsa mini takarda.

A sati na biyu muka iso wurin da ta fi jin tsoron mantawa. Lokacin da ƙiyayyar Yahudawa ta fito fili a birnin da suke zaune, an hana shi shiga gidan shayin da ya yi shekaru yana koyarwa a ciki. Sai ya zauna a gida yana rubuta wasiƙu. Ya rubuta wa duk wanda ya taɓa zama gabansa a gasa, a Ingila, a Amurka, har Ajantina, yana roƙon a gayyace shi wasa ko koyarwa, ko wane iri ne, don a ba shi biza da iyalinsa. Ita ce mai kai wasiƙun gidan waya. Ta ce yakan tsaya a taga lokacin zuwan mai raba wasiƙu, hannunsa a baya don kada a ga rawar.

Na kashe rakodar na ce zan sha ruwa. A kicin na tsaya na jingina da firij, matata tana niƙa wa Kaka magani ba ta ɗago ba. Daga baya ta gaya mini ta riga ta ji wannan ɓangaren, shi ya sa ta yi ta shakkar kawo ni.

Mutum ɗaya ne ya yi wani abu, wani likita a birnin Baltimore na Amurka da mahaifinta ya taɓa kayarwa. Bai iya samo wa manya takarda ba, amma ya ce zai karɓi yarinyar. Tana da shekara goma aka haɗa ta da wata mata mai tafiya, aka sa mata littattafan nan tara a akwati a ƙarƙashin kayanta. A tashar jirgi uwarta tana kuka, shi kuwa yana ta gyara mata igiyar akwatin, ya kwance ya sake ɗaurewa. Wasiƙa uku ta samu daga gare su bayan ta iso. Daga nan ba ta sake ji ba.

A lokacin yayar matata, wadda ke aikin nas tana zaune da mijinta a Upper Marlboro, ta riga ta yi mana tayin da muka kasa tattaunawa. Ta ce idan ta kai ga tafiya mu bar mata yarinyar, ga ɗaki, ga makaranta, ga likitanta. Matata ta ce ba za ta iya ba. Kwana biyu bayan haka ta ce ba za ta iya kai ta inda aka rasa ƙanina ba. Haka muke ta juyawa, kowa ya ɗauki gefe yau gobe ya koma ɗayan.

Ban yi niyyar gaya wa Kaka ba. Amma washegari da na zauna, kafin in kunna rakoda, sai na ji bakina yana faɗa mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama na tambaye ta abin da na zo da shi a rai.

"Kaka, mahaifinki ya yi daidai?"

Ta dafe hannun kujera, har na ɗauka tambayar ta ɓace mata.

"Ga ni nan na kai casa'in," in ji ta. "Duk 'yan ajinmu ba wadda ta kai sha biyar. Ya yi daidai."

Na ce to.

"Kuma ban yafe masa ba. Na yi ƙoƙari. Kada ka sa ran 'yarka za ta yafe maka don ka yi daidai."

Ta ce in kunna abin nan mu ci gaba, lokaci yana tafiya.

Saura mana ɓangare ɗaya, abin da ta gano bayan yaƙin duniya na biyu game da ƙarshen iyayenta. Ta ce ta yi shekaru tana bincike kuma ta samu wani abu, za ta faɗa mini ranar Litinin idan ta huta. Ranar Asabar jini ya hau mata ka. Matata ce ta same ta a ƙasa kusa da gado da ta je da safe. Na je asibiti sau biyu. Idanunta a buɗe suke, ta riƙe mini yatsa, bakinta yana motsi amma ba abin da ke fita. Na kai kunnena kusa, na kai rakodar, ban samu komai ba sai numfashi. Ta yi kwana goma sha ɗaya ta cika.

Wani jikan dangin mijinta ya zo daga wata jiha don ya kwashe ɗakin. Mutumin kirki ne, amma kwana uku kawai gare shi. Ya ce in riƙe littattafan zuwa ranar tafiyarsa, ko zan samu inda za su karɓa. Na kira wani laburare, suka ce in cike takarda, kwamiti zai duba nan da wasu watanni. Na kira wata ƙungiyar 'yan wasa, ba a ɗauka ba. A rana ta biyu na ɗauki littafi ɗaya na tafi wani dandali a cikin Washington inda mutane ke wasan a kan teburan siminti. Na nuna wa wani dattijo Baƙar fata mai hular sanyi. Ya jera 'ya'yan wasan, ya riƙa bin rubutun yana takawa, fari da baƙi duk shi kaɗai. Can ya tsaya, ya mayar da su baya, ya sake takawa. Ya kira wasu biyu suka zo suka tsaya a kansa. Ya tambaye ni wane ne wannan. Na faɗi sunan, ba wanda ya taɓa jinsa a cikinsu. Ya ce in bar shi ya kwafe wasa ɗaya, ya kwafe a bayan wata takardar talla. Washegari na mayar wa jikan da littattafan, ya sa su a kwali tare da kwanuka ya rubuta wani abu a sama.

Takardar aiki ba ta zo ba. Lauya ta samo mana ƙarin 'yan makonni, suka ƙare.

Mun kai kayan 'yarmu Upper Marlboro ranar wata Lahadi da rana. Yaya ta share ɗakin, ta sa sabon zanen gado. Na rubuta sunayen magungunan da lokutansu a takarda na manna a jikin firij, duk da na san Yaya nas ce kuma ta fi ni sanin su. Yarinyar ta zauna a bakin gado da jakar makarantarta a baya, ta ƙi cirewa. Na durƙusa na yi mata bayani da Hausa, na sake yi da Turanci, cewa za mu dawo da zarar an samu hanya. Ta tambaye ni yaushe. Na ce ban sani ba. Ta juya ta kalli bango, ba ta fito raka mu mota ba.

Yanzu muna Kaduna, a gidan mahaifiyata. A wata na biyu ciwon ya taso mata. Yaya ta kira mu daga asibiti ta ɗora wayar a kan matashin kai kusa da kunnenta. Matata ta yi ta yi mata magana, ni na kasa. Ta samu sauƙi bayan kwana huɗu, ta koma makaranta. Tana magana da uwarta kullum. Idan aka miƙo mini wayar takan gaishe ni yadda aka koya mata, in tambaye ta karatu ta ce lafiya, sai ta ce in ba Mama.