Tuwon da Malam Ya Ci da Hagu

Yanzu in aka gayyace ni taro, sai a ce ga matar da ta fara yin katun, wato zane mai motsi, da Hausa a yankinmu. A tafa, ni kuma in yi murmushi kamar mutuniyar kirki. To bari in faɗi yadda aka fara, don na gaji da riƙe shi.

Mahaifina malami ne a Likoro, yana karantar da manya a zaure. Da na ce zane zan karanta a Zariya, 'yan'uwansa suka yi masa ca, musamman ƙanensa da muke kira Baffa, mutumin da bakinsa ba ya da linzami. Wai 'yar malam guda ta ƙare a zanen 'yan tsana? Malam ya ce in dai zanen zai koya wa yara tarbiyya, shi ya ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya. Maganarsa ya jingina a kaina, kuma a garin nan ba a taɓa kama Malam da ƙarya ba.

Katun ɗina na farko minti uku ne kacal. Yarinya ta kai wa kakanta tuwo, ta durƙusa ta gaishe shi, ya wanke hannu ya yi bisimilla ya ci. Wanda bai san aikin ba zai ce wasa ne, amma kowane ɗan motsi sai an zana shi kashi-kashi, ɗaga hannu kawai ya ci takardu da yawa. Tsohon kuwa Malam na zana sak, da rawaninsa, da yadda yake karkata kai in yana sauraro. Don in faranta masa na yi.

Ina gab da gamawa na ga ƙofar ɗakin za ta fi kyau a ɗaya ɓangaren. Sake zanen zai ci makonni. Amma a kwamfuta akwai inda za ka danna, hoto ya juya gaba ɗaya kamar a madubi. Na danna. Har yaba wa kaina na yi, wai ni mai dabara.

Da na kai shi gida, Malam da kansa ya tara dattawa a zaure bayan la'asar. Na ajiye kwamfutar a kan tabarma, na koma bakin ƙofa na durƙusa. Yarinya ta shigo, suka ce kai, ga ta tana tafiya! Ta miƙa kwano. Tsoho ya karɓa, ya gutsuri tuwo, ya kai baki.

Baffa ya ce, “Malam, ashe da hagu kake ci ba mu sani ba?”

Innalillahi! Juyawar nan ta mayar da kowane dama hagu. Yarinyar da hagu ta miƙa wa babba abinci, shi ma da hagu ya ci, ga bisimillarsa ga rawaninsa. Na kalli abin nan ya fi a ƙirga, bakinsu nake duba ko yana tafiya daidai da magana, ban taɓa kallon hannu ba. Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka sunkuyar da kai, kuma sunkuyawar ta fi yi mini ciwo.

Malam ya waiwayo ya ce, “Yaya aka yi haka?”

Na ce, “Baba, kwamfutar ce. Haka take yi wani lokaci.”

Wallahi ban san lokacin da ƙaryar ta fito ba. Ya juya ga mutanensa ya ce, “Kun ji, na'ura ce. Ba ita ba ce.”

Na koma Zariya na sake zana komai daga farko, takarda bayan takarda, har yatsana ya yi kanta. Na biyun ma bai yi kyau ba, yarinyar tana tafiya kamar an ɗaure mata ƙafa. Na uku ne aka fara nunawa a makarantun Kudan da Makarfi, daga nan aiki ya buɗe, har na samu ɗakin aikina da masu koyo. Suna ce mini mai faɗa, don zane ba ya wuce teburina sai na bi hannuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba su san dalili ba.

Malam kuwa bai daina ba. Duk sanda aka tayar da zancen, ko da wasa ne, sai ya ce na'ura ce ta yi, 'yarsa ta gaya masa. Shekara da shekaru mutumin da ba ya ƙarya yana yawo da tawa a bakinsa. Sau nawa na je gida da niyyar in faɗa! In na zauna gabansa, ya fara sa mini albarka, sai in ce bari sai wani zuwan. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Ranar sadakar uku bayan rasuwar Malam, Baffa ya shigo cikin gida ya sa aka kira ni. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce, “'Yata, akwai abin da ke damuna. Ranar nan na yi wa yayana dariya, na kunyata ki a kan laifin da ba naki ba. Har kwanciyarsa ta ƙarshe yana ce mini na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah.”

Dattijo yana hawaye a gabana. Na buɗe baki da niyyar in faɗa masa gaskiyar.

Na ce, “Ba komai, Baffa. Na yafe.”