Karyar Da Ba Ta Cin Na Ƙasa

Shekarun baya, lokacin Nasara na nan, kumandan na zaune a bariki, ina da tukuba a tashar Dogon Dutsi, daidai inda manyan motocin Konni da Yamai ke tsayawa su sha ruwa. Balangu nake yi da tsire. Ban yi zurfi a lakwal, makarantar Nasara, ba. Shekara uku na yi mushe, wato malaminmu, ya kore ni, ya ce hannuna ya fi dacewa da wuƙa bisa ga alli. Amma ukun nan sun isa su sa ni jin na fi sauran mahauta, kuma wannan jin kan shi ya ja mini abin da zan faɗa muku.

Al'adar mahautan garinmu ita ce, in ka yanka akuya ka ajiye kai da ƙafafu bisa tebur, ka bar jela jikin cinya, mai saye ya ga abin da zai ci da idonsa. Ni kuwa na ga yadda kukun bariki ke yi, sai na ce wannan ƙazanta ce, ƙuda kawai take tarawa. Na riƙa aika kai da ƙafafu gida wurin mahaifiyata, in yanyanka naman in rufe da farin ƙyalle. Masu sayen nawa galibi matafiya ne, ba su zama. In naɗe musu a takarda, in barbaɗa yaji, su haye mota, sai sun yi nisa su buɗe. Sarkin fawa ya yi mini magana sau biyu. Na ce masa, "Baba, zamani ne." Ya ce, "To, Allah ya ba zamani sa'a."

Ana cikin bazara sai wani mahaukacin kare ya shigo kasuwa, yawu na zuba daga bakinsa, ya ciji wata mai sayar da daddawa a ƙwauri. Aka kai ta likita, aka yi na gida, amma bayan ƴan makonni ta fara tsoron ruwa, ta rasu a wata irin wahala da ba na son tunawa. Garin ya tsorata, kuma da gaskiyarsa. Kumandan ya sa aka yi shela: duk karen da ke cikin gari a kashe, wanda ya ɓoye nasa kuma kaso zai kwana. Ba su bambanta mai lafiya da mahaukaci ba. Gardawan bariki, dogaran kumandan, suka riƙa cusa guba cikin nama suna jefawa a lunguna, ƴan kaso na bin baya suna kwashe mushen.

To wa ya fi kusa da bariki cikin mahauta? Ni. Wurina suke karɓar huhu da hanjin da za su sa wa gubar, ni kuma har ina taƙama, wai ina hulɗa da gwamnati. Hanyar da ƴan kaso ke bi da mushen karnuka zuwa ramin bayan dutse kuwa ta bayan tukubata ta ratsa. A wannan satin kuma wani Bafulatani ya sayar mini da awaki da araha don ciyawa ta ƙare, kashin namana ya fi na kowa girma. Ku haɗa waɗannan uku da kanku. Mutanen gari ma sun haɗa.

Wani direba ne ya fara furtawa. Ya dawo daga Konni ya tsaya gaban jama'a ya ce ya buɗe ƙunshina a hanya, ya ga haƙarƙari siriri irin wanda akuya ba ta da shi. Ya ce, "Ina kan dabbar? Ina ƙafafun? Nuna mana!" Na ɗaga ƙyalle, ba kai, ba ƙafa, ba jela. Na ce suna gida cikin tukunya. Aka kwashe da dariya. Kwana huɗu ina gasa nama ina mayar da shi gida. Mata suka daina karɓar wuta a gidanmu. Mahaifiyata ta ce mini, "Kai wanga, ubanka ya yi shekara talatin yana fawa ba a taɓa sinsinar namansa ba. Ka je ka wanke mu."

Na kai kuka wurin sarkin fawa. Ya ce rantsuwa ba za ta yi ba, wanda ake zargi da sayar da kare ba a ɗaukar rantsuwarsa. Hanya ɗaya ce tun kakanni. Mutanenmu sun yarda kare ba ya sa naman ɗan'uwansa a baki. A kawo kare ranar kasuwa, a ɗauki tsoka cikin namana a jefa masa. In ya ci, na fita. In ya ƙi, in tattara wuƙaƙena in bar garin.

Na ce, "Baba, ina za ni samu kare? An kashe su duka."

Ya ce, "Da namanka aka kashe su. Kai ka san inda za ka samu."

Na kuwa sani. Ina da aboki, maharbi ne, daga wajen Ɗan Kassari iyayensa suka zo, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Yana da wata karya ja mai farin ƙirji, wadda in ta bi zomo sai dai ka tausaya wa zomon. Tun ranar shela ya kai ta wani kogo cikin dutse ya ɗaure, kullum yana hawa da ruwa da tuwo kamar mai zuwa itace. Ni kaɗai ya faɗa wa.

Na same shi yana gyaran kibau. Da na gama bayani ya ajiye kibiyar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Mi kake so in ce maka? Kasuwa ce fa. Gardi na nan."

Na ce, "Minti biyar ne." Har da minti na ce masa, don ya san na yi lakwal. "Ni zan riƙe igiyar. In ce a daji na tsince ta. Kai ka tsaya cikin mutane kamar ba ka san ta ba. Tana ci, in fice da ita ta bayan rumfunan gishiri."

Ya ce, "A'a."

Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na tuna masa ɗakin kaciya, na tuna masa ranar da na ɗauko shi a baya daga fadama da ƙaya a ƙafa. Na ce, "Ashe dabba ta fi ni wurinka." Ya dube ni, ya ce, "Ba ta fi ka ba. Ita dai ba ta taɓa roƙona abin da zai cuce ni ba." Amma ya yarda.

Ranar kasuwa da hantsi na shigo da ita. Jama'a suka yi da'ira, nesa-nesa, kowa na tsoron cizo. Ita kuwa ta zauna abinta tana haki, idonta na yawo cikin mutane. Direban nan da kansa ya zaɓi tsoka daga tukubata, mai kitse, ya miƙa wa sarkin fawa. Sarkin fawa ya yi bisimilla ya jefa gabanta.

Ta sunkuya ta sinsina. Ta ɗago kai, ta kawar da fuska.

Ban san yadda zan kwatanta muku ihun ba. "Ta ƙi! Wallahi ta ƙi!" Wata tsohuwa ta fara kakarin amai, ta ce sau uku ta saya wa jikokinta. Na tura naman da ƙafa zuwa bakin karyar, ina ce mata ci mana, ci don Allah, kamar mai lallashin amarya. Ta matsa gefe. A lokacin ne na tuna abin da na sani tun tana ƴar kwikwiya. Abokina ya hore ta kada ta ci abin da ke ƙasa, don masu sa wa dila guba a daji. Daga tafinsa kawai take ci. Na sha ganin haka da idona, amma tsoron kaina ya rufe mini tunani. Shi ma, ya gaya mini daga baya, ya ɗauka a hannu za a ba ta, kuma yunwar da ya bar ta da ita za ta sa ta karɓa.

Na hango shi cikin mutane, ya rufe rabin fuska da rawani. Da ya juya ya tafi, ba wanda zai san komai. Ni za a kora, ita kuma in sake ta a daji ta koma masa. Sai ya ture mutane ya fito. Ya durƙusa ya ɗauki tsokar, ya kakkaɓe ƙasar, ya ɗora a tafinsa. Kafin ya miƙa ta riga ta lashe, tana kaɗa jela kamar za ta karye.

Direban ya ce, "Wanga wayo ne! In ubangidanta ya ba ta, ko uwarta ce za ta ci!"

Sarkin fawa ya waiwaya wajen rumfarsa. Ya aika aka yanko tsoka daga teburinsa, jikin cinyar da jelar akuya ke reto, kowa na gani. Ya jefa gabanta. Ta sinsina, ta kawar da kai, daidai yadda ta yi wa nawa. Ya ce, "To, ko ni ma kare nake sayarwa?" Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da suka ji kunya. Ya ce magana ta ƙare, ba a ga laifi ga namana ba, amma daga yau kai da ƙafa su dawo bisa tebur.

Ina cikin karɓar barka, ban ma lura da gardin da ke tsaye bakin rumfar gishiri ba. Ya ga komai. Ya zo ya karɓi igiyar daga hannuna, ni kuma na sakar masa. Wannan ma ina so ku sani, ban ko ja ba.

Muka bi shi har bayan bariki. Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, dube ta, lafiyarta lau. A ɗaure ta wata guda a gani." Gardin ya ce shi ba likita ba ne, oda aka ba shi. Harsashi kuma na kumandan ne, ba a ɓata shi ga kare. Ya ciro guntun huhu mai guba daga cikin gwangwani, irin wanda na ba su da safiyar jiya, ya jefa mata. Ta ƙi. Ya sake jefawa. Ta ƙi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai mun ga hannun da take ci. Ko ka ba ta, ko in kira ƴan kaso da kulake. Zaɓi."

Abokina ya dubi kulaken da ke jingine a bango. Ya zauna ƙasa, ya jawo ta jikinsa, ya shafa mata kunne yana yi mata magana a hankali, irin wadda yake mata in za su shiga daji. Ya ɗauki huhun ya ɗora a tafinsa. Ba ta ko sinsina ba, ta lashe.

Kwana goma abokina ya yi a kaso yana ɗebo wa bariki ruwa. Ni kuwa kafin sati ya zagayo ciniki ya dawo, har ya fi da. Direban nan ma ya dawo yana cewa in ƙara masa yaji. Haka mutane suke, ba wanda ya ce mini yi haƙuri, kuma ba wanda ya tambayi ina karyar.

Yanzu na haura hamsin. Nasara sun tafi, an sake tuta, tukubata na nan, kan akuya na bisa tebur ƙuda na binsa. Ba na cewa kada a kashe mahaukacin kare, na ga yadda mai daddawa ta mutu. Amma wadda aka kashe ranar nan ta fi yawancinmu hankali, kuma ba hauka ya kashe ta ba, ni ne, da farin ƙyallena da shekara ukuna na lakwal.

Abokina bai taɓa zagina ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Bai sake kiwon kare ba, ya koma noman gero. Muna gaisawa, ya zo sunan ƴaƴana, na je jana'izar mahaifinsa. Jiya ma ya biyo ta tasha ya zauna a bencina muka yi hirar damina. Na fasa goro na miƙa masa rabi. Ya dubi hannuna, ya ce abin da yake ce mini shekara kusan talatin ke nan:

"Aje nan bisa benci, ni ɗauka."